Kafin Mu Ce a Waiwaye Mu, Mu Fara Waiwayar Kanmu

 

Duk wanda ya taɓa riƙe biro a madadin ƙungiya irin tamu ya san akwai wata magana da ba ta barin bakinmu. In mun je gaban shugaban ƙaramar hukuma, a waiwaye mu. In ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, a waiwaye mu. In gwamnan wata jiha ta Arewa ya shigo Legas muka je gaisuwa, a waiwaye mu. In gobara ta tashi ko aka yi rusau 'yan jarida suka zo, nan ma dai a waiwaye mu. Maganar ta zama kamar tsohuwar takardar kuɗi da ta sha hannu har rubutun jikinta ya goge. Shi ya sa muka ga ya dace yau mu ɗauki kalmar ita kanta mu jujjuya ta, mu ga abin da ke cikinta, da abin da take nema daga gare mu.

Abin da ya ja hankalinmu kuwa ɗan ƙarami ne. A darasin yamma da ƙungiya ke shirya wa yaranmu masu zana jarrabawar WAEC da JAMB, an ci karo da kalmar Turanci "retrospect" a cikin tsofaffin tambayoyi. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Kawu, mene ne ma'anarta?" Aka ce masa ai waiwaye ke nan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, shi waiwayen mene ne?" Yaron nan haifaffen Isolo ne. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, broka kuwa ba a magana, Hausarsa ta gida ma ba laifi. Amma kalmar da kakansa ke faɗa kullum ta zame masa baƙuwa daidai da ta Bature. Ba shi kaɗai ba ne, domin da aka zagaya ajin, waɗanda suka san ta ba su kai rabi ba.

Bari mu fara da ta Turancin, tunda ita ce ta jawo zancen. Asalinta daga harshen Latin ne na Rumawan da, kuma gaɓa biyu ce aka haɗa. "Retro" na nufin baya, "spect" kuma daga kalmarsu ta kallo ta fito. Wato kallon baya. Wanda ya riƙe wannan gaɓa ta biyu ya samu mabuɗin kalmomi da yawa da ke wahalar da yaranmu, domin duk 'yan ɗaki ɗaya ne, abin da aka liƙa musu a gaba ne kawai ya bambanta su. "Inspect" duba cikin abu ne. "Prospect" kallon gaba ne, abin da ake hange. "Expect" zuba ido ne waje ana jiran abin da zai ɓullo. "Spectator" ɗan kallo ne, "spectacles" kuma tabarau. "Suspect" asalinsa kallo ne ta ƙasan ido, daga nan ya zama zargi. "Despise" kallo ne daga sama zuwa ƙasa, wato raini. Sai kuma "respect", wadda muke fassarawa da girmamawa. Asalin ma'anarta sake kallo ne, mutum ya wuce ka sannan ya juyo ya dube ka. Ku riƙe wannan ta ƙarshen, za mu dawo kanta.

Wasu daga cikin kalmomin nan ma sun daɗe da shiga Hausa ba mu lura ba. Sufeton 'yan sanda da muke faɗa, daga "inspector" ne, mai dubawa. Da Turawa suka kawo ma'aikacin tsafta mai shiga gida-gida yana leƙa randa da makewayi, kakanninmu ba su aro sunansa ba, sai suka raɗa masa nasu, suka ce dubagari. Maƙwabtanmu Yarbawa kuma suka ce masa wole-wole, wato mai duba gida. Harshe uku, tunani ɗaya. Haka biza da bidiyo da talabijin, dukkansu suna ɗauke da wata kalmar Latin ɗin ta daban mai nufin gani. Biza ba komai ba ce illa takardar da hukuma ta gani ta amince.

To amma kada yaro ya ɗauka Bature ne kaɗai ya rarrabe aikin ido. Bahaushe ya rarrabe shi filla-filla. Gani daban, kallo daban. Gani shi ne ido ya faɗa kan abu, ko da niyya ko babu. Kallo kuwa sai an tsaya an ba shi lokaci, shi ya sa ake kallon dambe da ƙwallo. Duba kuma akwai nema a cikinta da kulawa: ana duba mara lafiya, ana duba littafi, ana duba fuska a madubi. Leƙe ta kafa ake yinsa ko ta kan katanga, kuma yawanci mai yinsa ba ya son a gan shi, daga nan aka samu leƙen asiri. Hange na nesa ne, haka tsinkaye. Ƙyalla ido shi ne ka hango abu kwatsam. Ƙura ido kallo ne ba ƙiftawa. Harara kallo ce mai ɗauke da faɗa. Zuru ido ne ba baki. Sa ido kuwa, kowa ya san 'yan unguwar da suka ƙware a kai.

Bai tsaya nan ba, har nau'in kallon ya sa wa suna. Akwai satar kallo, akwai kallon kallo, akwai kallon tsaf, akwai kallon hadarin kaji wanda ake yi wa abin da aka raina. Ya ce gani ya kori ji. Ya ce hangen Dala ba shiga birni ba. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Duk wannan dukiya ce, kuma yaron da ya mallake ta ba zai sha wuyar bambance "glance" da "stare" da "peep" da "glare" a ɗakin jarrabawa ba, domin yana da ma'ajin da zai saka kowacce. Wanda bai san harara ba, haddar "glare" kawai zai yi, jibi ya manta.

A cikin duk waɗannan, waiwaye ya fita daban da abu ɗaya. Shi kaɗai ne kallon da matafiyi ke yi wa inda ya baro. A waiwaye wuya ne ke juyawa, ƙafa tana nan tana fuskantar gaba. In ƙafa ta juya, ya tashi daga waiwaye ya zama komawa. Wanda ke zaune wuri ɗaya bai baro komai ba balle ya waiwaye shi. Shi ya sa masu iya magana suka ce waiwaye adon tafiya. Ba su ce adon zama ba. Manomi in ya kai ƙarshen kunya yakan waiwaya ya ga ko ta miƙe. Mai koran shanu zuwa mayankar Oko-Oba yakan waiwaya ya ga ko wata ta ratse. Uwa a tsakiyar Oshodi takan waiwaya ta tabbata ɗanta na biye. Babu ɗayansu da ke nufin fasa tafiya. Kowannensu yana son tafiyar ta yi kyau ne.

Mun san wani zai ce, ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gaskiya ne, kuma akwai kallon baya iri biyu da ba su muke kira a yi ba. Na farko da-na-sani, wadda aka ce ƙeya ce, kullum a baya take, ba ta zuwa sai aikin gama ya gama. Na biyu tone-tone, wato a riƙa fama tsohon miki don a tayar da husuma. Da-na-sani tana karya gwiwa, tone-tone yana ƙona gari. Waiwaye kuwa lissafi ne, irin wanda ɗan kasuwa ke yi da daddare bayan ya rufe rumfa: me ya shigo, me ya fita, wa ke bin mu, wa muke bi, gobe da me za a fara.

To in Hausawan Legas suka yi irin wannan lissafi, me za su gani?

Za su ga cewa tafiyar ta yi nisa fiye da yadda yawancinmu ke zato. Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861. A 1863 wani hafsan sojan ruwansu mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa 18 ya kafa 'yar runduna, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya ta yau daga wannan 'yar runduna take ƙirga asalinta. Ai kuwa ba daga Kano aka yi odarsu ba, da yawansu ma bayi ne da suka kuɓuce wa iyayen gijinsu. Unguwar Obalende da muke bi ta ciki kullum, tarihinta a haɗe yake da sojojin Hausawa da aka zaunar a wurin. Duk wannan ya faru ne tun kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914.

Za su ga goro. Shekaru aru-aru fatakenmu Gwanja suke zuwa, a ƙasar Ghana ta yau, su yi wata da watanni a hanya da jakuna kafin su kawo goro Kano da Sakkwato. Daga baya hanya ta sauya, aka koma ɗauko goron ta jirgin ruwa zuwa Legas, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma Kano ya shahara a harkar gyaɗa. Titin jirgin ƙasa da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, zuwa 1912 kuma an haɗa Legas da Kano. Manoman Yarbawa na yankin Agege suka dasa irin goron da Bahaushe ke so, tashar jirgi kuma ga ta a bakin gona. Nan Hausawa suka sauka suna saye, suna ɗaure huhu, suna lodi zuwa Arewa, su kuma shanu suna gangarowa. Haka Zangon Agege ya kafu, har aka samu sarautar Sarkin Hausawa. Gonar Bayarabe, kasuwar Bahaushe, kowa ya ci arzikin ɗan uwansa.

Ba mun kawo wannan ba ne don jayayya da masu ƙasa. Ƙasa tasu ce, Osolo na Isolo ubanmu ne, kuma kakanninmu da ladabi suka zauna. Mun kawo shi ne domin yaron da aka ce wa baƙo a makaranta ko a Facebook ya samu abin faɗa wanda ba zagi ba. Yaron da bai san komai ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya sunkuyar da kai, ko ya ɗauki dutse. Wanda ya san labarin goro da jirgin ƙasa zai iya cewa, kakana da kakanka abokan ciniki ne. Wannan amsa ta fi dutse nauyi.

Za su kuma ga ranakun da ba a son tunawa. Mu da muke samari a lokacin ba za mu manta da Lahadi 27 ga Janairun 2002 ba, ranar da ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ta kama da wuta, bama-bamai suka riƙa tashi. Jama'a suka fantsama da gudu ba tare da sanin abin da ya koro su ba. Da yawa suka nufo wajenmu, suka auka magudanar ruwa ta Oke-Afa, wadda ciyawar ruwa ta rufe samanta har ta yi kama da ƙasa. Fiye da mutum 1,000 suka rasu a wannan masifa, mata da ƙananan yara da yawa a ciki. Kabarinsu na bai-ɗaya yana nan Oke-Afa, tafiyar 'yan mintoci daga inda muke taro. Ruwan nan bai tambayi kowa ƙabilarsa ba, haka waɗanda suka shiga tsamo mutane ba su tambaya ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ko mako guda ba a yi ba, a farkon Fabrairu, rikici ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarbawa, aka rasa rayuka da gidaje masu yawa. Kafin shi an yi na Ketu a Nuwamban 1999, bayansa an yi na Mile 12 a Maris na 2016 har gwamnati ta rufe kasuwar na ɗan lokaci. Mai tone-tone in ya tuna waɗannan, gawa kawai yake ƙirgawa. Mai waiwaye kuwa tambaya yake yi: da me abin ya fara, wa ya yayata jita-jita, wa ya kashe wutar, ta wace hanya? In kun zauna da dattawanmu za su gaya muku cewa kusan kullum daga saɓanin mutum biyu ake farawa. Za su kuma ba ku labarin Bayaraben da ya kulle Hausawa a ɗakinsa ya tsaya a bakin ƙofa, da Bahaushen da ya yi wa maƙwabcinsa haka. Waɗannan labarai su ne maganin rikicin gaba, amma a cikin kawunan tsofaffi suke, kuma duk shekara muna raka wasunsu makwanci.

Ga misali na kusa wanda ya taɓa aljihun kusan kowane gida. A 2012 gwamnatin Legas ta yi dokar da ta hana acaɓa bin manyan tituna 475. A 2013 Kano ma ta hana ɗaukar fasinja a babur. A Fabrairun 2020 Legas ta sake tsananta hanin. Ran 1 ga Yunin 2022 aka haramta shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi 6, ran 1 ga Satumba kuma aka ƙara 4, har da tamu ta Oshodi-Isolo. Kowa ya ga yadda aka riƙa murƙushe baburan da aka kama. Wanda ya jera shekarun nan a takarda ɗaya zai ga ba kwatsam abin ya zo ba, hadari ne da ya yi shekara goma yana haɗuwa. Amma har ana gobe hani akwai masu sayar da gona a gida su sayi babur su hau tirela zuwa Legas. Ɗan acaɓa yakan cire madubin babur don ya samu kutsawa cikin cunkoso. Yana samun saurin, amma motar da ke tafe bayansa sai dai ya ji ta a jikinsa. Al'ummar da ba ta ajiye tarihinta haka take tafiya. Hangen nesa da muke yabo, da waiwaye ake sayensa.

Yanzu mu koma kan kalmar da muka ce a riƙe. Bature ya ce girmamawa sake kallo ce. Bahaushe ma da ido ya auna ta, shi ya sa yake cewa ana ganin girman wane, ana ganin mutuncinsa, wane kuma ya zube a idon jama'a. Kenan in muka ce wa hukuma a waiwaye mu, abin da muke roƙo shi ne a daina yi mana kallon zargi da kallon raini, a juyo a dube mu da daraja. Roƙo ne mai kyau, kuma haƙƙinmu ne. Sai dai in an juyo ɗin, me za mu nuna? Jami'i zai tambaya: ku nawa ne, tun yaushe kuke wurin, ina takardar rumfa, ina rasit ɗin harajin da kuka biya, wa ya ba ku filin masallacin, a wace shekara? Jama'ar da ta zo da fayil a hannu, zama ake ba ta. Wadda ta zo da "ai kowa ya sani", haƙuri ake ba ta. Ba a ganin girman wanda bai san nasa girman ba.

Saboda haka shugabannin ƙungiya suka amince da abubuwa uku, kuma babu wanda ke bukatar kuɗi mai yawa a ciki.

Na ɗaya, za mu bi dattawanmu gida-gida mu ɗauki maganarsu a waya. Duk wanda ke da uba ko kaka ko gwaggo da ta haura shekara 70 a Legas, ya sanar da mu. Iyaye mata musamman, domin su ne suka san wa ya auri wa, wa ya riƙe ɗan wa, wane gida ne ya fara sauka a wane layi. Matasanmu masu ilimin kwamfuta za su rubuta abin da aka ɗauka a adana.

Na biyu, duk mai tsohuwar takarda ya kawo a ɗauki hotonta a mayar masa da abarsa nan take: rasit ɗin rumfa, yarjejeniyar haya ko ta fili, katin ƙungiyar 'yan goro ko ta mahauta, tsohon hoto, wasiƙar ajami. Kada a raina komai. Takardar da ɓera ke ci a ƙasan akwati, wata rana ita za ta tsaya wa unguwa gaba ɗaya.

Na uku, a darasin yara za a riƙa koyar da kalmomin nan bibbiyu, ta Turanci da ta Hausa a gefenta. Iyaye kuma a taimaka a gida. In yaro ya harari ƙanensa, a ce masa ya daina harara, a kira abin da sunansa. In za a aike shi, a ce ya leƙa, ko ya duba, ko ya hango, kowacce a muhallinta. Harshe ba a gadonsa a jini, a kunne ake gadonsa.

Za a fara karɓar takardu da sunayen dattawa a taronmu na ƙarshen wata, bayan sallar La'asar, a inda aka saba. 'Yan uwa na sauran unguwanni da ke son yin irin wannan, ƙofarmu a buɗe take, kuma muna roƙon a tura wannan rubutu ga duk wanda ya dace ya gani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan hanya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci zuriyarmu da kasuwancinmu. Amin.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya, a madadin shugabanni.